Cin Mutunci a Bainar Jama'a da Hukuncin Ɗauri: Nazari daga Shari'o'in Ingila da Ma'aunin Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana shari'a da na falsafa, wato ko mutumin da ya aikata abin keta ko na cin mutunci a bainar jama'a, ba tare da ya taɓa jikin kowa ko dukiyarsa ba, ya cancanci a ɗaure shi. An ɗauki shari'o'i huɗu da aka yi a Ingila da Wales tsakanin 2011 da 2022 a matsayin abin nazari, saboda lafazin dokar da ake hukunci da ita a can ya yi kama ƙwarai da na sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 kafin a yi masa gyara a 2024. An auna waɗannan shari'o'i da ra'ayoyin Mill da Feinberg, sannan da ma'aunin da Bahaushe yake auna magana da shi. Maƙalar ta gano cewa munin aiki shi kaɗai bai isa hujjar ɗauri ba. Abin da ke kai aiki ga cancantar ɗauri shi ne barazana, ko tunzura jama'a, ko bibiyar wani takamaiman mutum da cutarwa a kai a kai.

Fitilun Kalmomi: cin mutunci, ɗauri, 'yancin magana, kunya, kafafen sada zumunta

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa harshe makami ne. Shi ya sa yake cewa magana zarar bunu ce, kuma baki shi ke yanka wuya. Sai dai sanin cewa magana tana ciwo abu ne daban, yarda da cewa hukuma ta kulle mutum saboda ita kuma wani abu ne daban. A da, wanda ya yi baƙar magana a dandali ko a bakin kasuwa, mutanen da ke wurin ne kaɗai shaidunsa, su ne kuma masu tsawata masa. A yau wayar hannu ta mayar da ɗakin kwanan mutum dandali. Abin da matashi ya rubuta da tsakar dare yana iya isa ga dubban mutane kafin asuba, cikinsu har da wanda abin zai fi yi wa ciwo. Idan jama'a suka fusata, kiran farko da ake ji shi ne a kama shi a ɗaure.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan kira ya kai wasu mutane gidan yari a Ingila, da hujjojin masu goyon baya da na masu suka, da kuma abin da tunanin Bahaushe zai iya ƙarawa a muhawarar. An bi hanyar nazarin hukunce-hukuncen kotu da lafazin dokoki, aka kwatanta su da al'adun magana na Hausawa. Ba a ambaci sunayen waɗanda aka hukunta ba, domin aikinsu ne abin nazari.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da yawa na munanan maganganu, kowace da gurbinta. Akwai zagi, wanda yake fito-na-fito. Akwai ba'a da izgili, inda ake mayar da mutum abin dariya. Akwai habaici da gugar zana, inda ake sakaya wanda ake nufi. Akwai ƙazafi da ɓata suna, waɗanda suka ƙunshi jingina wa mutum abin da bai yi ba. Akwai kuma keta, wato jin daɗin wahalar wani. A wannan maƙala, cin mutunci a bainar jama'a yana nufin duk wata magana ko hoto ko aiki da aka yi a inda mutane za su gani, wanda ya tozarta wani ko ya mayar da masifarsa abin wasa. Wanda ya yi dariyar mamaci a gaban iyayensa, Bahaushe yakan ce ba shi da imani, kuma wannan furuci ya fi kowane kusa da irin halin da ake magana a kai.

Ɗauri kuwa shi ne tsare mutum a gidan yari na wani lokaci bisa hukuncin kotu. A ƙasar da ba ta da hukuncin kisa, kamar Ingila, shi ne mafi girman abin da hukuma za ta iya yi wa ɗan ƙasa. Ke nan tambayar ba ta tsaya ga ko aikin yana da muni ba, domin wannan babu jayayya a kansa. Tambayar ita ce ko muninsa ya kai a yi amfani da mafi nauyin hukunci.

3.0 Dokoki da Shari'o'in Ingila

3.1 Dokokin

Dokoki uku ne aka fi gurfanar da mutane da su. Ta farko ita ce Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1986, wadda ta haramta amfani da kalamai don tsangwamar wani ko tayar masa da hankali, kuma hukuncinta yana ƙaruwa idan an haɗa da ƙin jinin launin fata. Ta biyu ita ce Dokar Miyagun Saƙonni ta 1988, wadda aka ɗaga iyakar hukuncinta zuwa shekara biyu a 2015. Ta uku ita ce sashe na 127 na Dokar Sadarwa ta 2003, wanda ya haramta aika saƙo mai tsananin muni ko na batsa ko na barazana ta hanyar sadarwar jama'a, da hukuncin da zai iya kai wata shida. Asalin wannan sashe yana komawa ga wata dokar gidan waya ta 1935, wadda aka yi domin maganin masu munanan kalamai ta wayar tarho. Wato dokar da aka tsara don magana tsakanin mutum biyu ce aka ɗora wa nauyin Facebook da Twitter.

3.2 Shari'o'i Huɗu

Ta farko ta faru a watan Satumba 2011 a garin Reading. Wani mutum mai shekara 25 ya riƙa neman shafukan ta'aziyya da 'yan uwa da abokai suka buɗe a Facebook don tunawa da matasan da suka rasu, yana saka kalamai da hotunan izgili a kansu. Bai san mamatan ba, bai san iyayensu ba. Kotu ta ɗaure shi mako 18, ta kuma hana shi amfani da kafafen sada zumunta har shekara biyar.

Ta biyu ta biyo bayan abin da ya faru ranar 17 ga Maris 2012, lokacin da ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Bolton, Fabrice Muamba, ya faɗi a filin Tottenham, zuciyarsa ta tsaya na minti 78 kafin likitoci su ceto shi. Wani ɗalibin Jami'ar Swansea mai shekara 21, yana cikin maye, ya rubuta a Twitter yana dariyar abin. Da mutane suka tsawata masa sai ya mayar musu da zagin launin fata. Kwana goma bayan haka kotun majistare ta ɗaure shi kwana 56, alƙalin yana mai bayyana cewa hukuncin yana nuna irin fushin da jama'a suka yi. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, jami'arsa ma ta dakatar da shi. Kwamishinan kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Turai a lokacin, Thomas Hammarberg, ya bayyana cewa hukuncin ya yi tsauri.

Ta uku ta faru a watan Oktoba 2012. An sace wata yarinya 'yar shekara biyar a garin Machynlleth na Wales, ana cikin nemanta sai wani matashi daga Chorley ya rubuta barkwancin batsa game da ita a shafinsa na Facebook. Mutane kimanin 50 suka yi wa gidansu ƙawanya, har 'yan sanda suka ɗauke shi don kare lafiyarsa. Kotu ta ɗaure shi mako 12, aka rage zuwa shida bayan ya ɗaukaka ƙara. A cikin makon ne wata kotu ta sami wani fitaccen mai gabatar da shirin talabijin da laifin gallaza wa tsohuwar budurwarsa na tsawon watanni, ta yanke masa aikin hidimar al'umma na awa 140 ba tare da ɗauri ba. Wannan bambanci ya jawo ce-ce-ku-ce sosai.

Ta huɗu ta shafi gobarar dogon benen Grenfell da ke Landan, wadda ta ci rayuka 72 a watan Yuni 2017. A Nuwamba 2018 wasu mutane suka ƙera siffar benen da kwali, suka ƙona ta a wani biki ana dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki bidiyo ya tura a WhatsApp, daga nan ya bazu. An wanke shi a 2019, babbar kotu ta soke wankewar, daga bisani ya amsa laifi a Afrilu 2022, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na mako 10.

3.3 Ja da Baya

Hukumomin Ingila da kansu sun fahimci cewa an fara wuce gona da iri. A Yuli 2012 babbar kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wani matashi da ya rubuta cikin raha cewa zai tarwatsa filin jirgin sama na Doncaster saboda dusar ƙanƙara ta hana shi tafiya. Kotun ta ce saƙon da bai tsorata waɗanda suka karanta shi ba, ba za a kira shi barazana ba. A Disamba 2012 Daraktan Gabatar da Ƙararraki na lokacin, Keir Starmer, ya fitar da ƙa'idojin wucin gadi, aka kammala su a Yuni 2013. Ƙa'idojin sun raba saƙonni gida-gida. Barazana ta gaske, da bibiyar wani mutum, da saɓa umarnin kotu, an ce a gurfanar da masu su ba sassauci. Saƙon da muninsa kawai ake tuhuma kuwa, an sa masa sharaɗi mai tsauri, an ce a duba ko mai shi ya goge da wuri, ko ya nuna nadama, ko yaro ne. A 2013 kuma majalisa ta cire kalmar zagi daga sashe na 5 na dokar 1986.

4.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

4.1 Masu Goyon Bayan Ɗauri

Hujjarsu ta farko ita ce raunin zuciya rauni ne na gaske. Uwar da ta buɗe shafin ta'aziyyar 'yarta ta tarar da izgili ta cutu, ko da babu jini. Idan doka tana ɗaure wanda ya mari mutum, suna ganin babu dalilin ƙyale wanda ciwonsa ya fi mari daɗewa. Hujja ta biyu ita ce hukunci saƙo ne, al'umma tana bayyana iyakarta da shi. Ta uku ita ce izina, domin mai ɓoye fuska a intanet ya san cewa ana iya gano shi. Ta huɗu kuwa ita ce idan hukuma ta naɗe hannu, jama'a za su ɗauki doka a hannunsu, kamar yadda aka kusa gani a Chorley.

4.2 Masu Suka

Tushen hujjar waɗannan yana cikin littafin John Stuart Mill kan 'yanci na 1859, inda ya kafa ƙa'idar cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi sai don hana shi cutar da wani. A wurinsu ɓacin rai ba cuta ba ne a wannan ma'ana, domin abin da ke ɓata wa wani rai yana iya zama abin dariya ga wani. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta bi wannan layi a shari'ar Handyside ta 1976, inda ta ce 'yancin magana ya haɗa har da maganar da ke ɓata rai ko girgiza mai ji. Amurka ta fi kowa nisa a wannan fage. A Maris 2011 Kotun Ƙolinta, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta kare 'yan cocin Westboro da suka yi zanga-zanga da kwalaye masu munanan kalamai kusa da jana'izar wani sojan da aka kashe a Iraƙi.

Suna ƙarawa da cewa kalmar tsananin muni ba ta da ma'auni. Ɗan ƙasa ba zai iya sanin inda iyakar take ba sai bayan ya tsallake ta, alhali sharaɗin dokar laifi shi ne a san abin da ta hana tun kafin a aikata. Saboda irin wannan dalili ne Kotun Ƙolin Indiya ta soke sashe na 66A na dokar fasahar sadarwar ƙasar a Maris 2015. Haka kuma ɗaurin ɗan gajeren lokaci bai cika gyara kowa ba. Alƙaluman Ma'aikatar Shari'a ta Ingila sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin manyan da aka ɗaure ƙasa da wata 12 sukan sake aikata laifi cikin shekara guda. Scotland ma tun 2019 ta umarci alƙalanta su guji ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, sai idan babu makawa.

4.3 Matsayin Feinberg

Joel Feinberg ya tsaya a tsakiya. A juzu'i na biyu na aikinsa kan iyakokin dokar laifi, wanda ya fito a 1985, ya yarda cewa akwai abin ƙyamar da doka za ta iya hanawa ko da bai kai cuta ba. Amma ya ce sai an auna tsananinsa, da daɗewarsa, da yawan waɗanda ya shafa, da kuma ko mutum zai iya kauce masa cikin sauƙi. Ya kuma nuna cewa hukuncin irin wannan laifi ya kamata ya zama mai sauƙi, tara ta fi dacewa da shi, idan kuma an yi ɗauri to ya zama na kwanaki. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan shari'o'i huɗun nan, za a ga ba ɗaya suke ba. Mutumin Reading shi ya je ya sami masu makoki a inda suka taru, ya kuma maimaita. Matashin Chorley a shafinsa ya rubuta, wasu ne suka kwafa suka yaɗa. Na farko ya toshe wa mutane hanyar kaucewa, na biyu bai yi haka ba.

5.0 Ma'aunin Bahaushe

Kirk-Greene (1974) ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake gane mutumin kirki da su, cikinsu akwai kunya da ladabi da mutunci da hankali da haƙuri da adalci. Duk wanda ya yi izgili ga mai makoki ya rasa huɗun farko a lokaci guda. Sai dai biyun ƙarshe, haƙuri da adalci, suna kan wuyan mai hukunci ne. Wannan ya nuna cewa tarbiyyar da ta la'anci mai keta ita ce kuma ta hana a wuce iyaka wajen rama masa.

Abu na biyu shi ne Bahaushe ba ya auna magana da lafazinta kawai. Yakan tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, kuma da wace niyya. Abin da Bafillatani zai gaya wa Babarbare, ko Bagobiri ga Bayarabe, ko jika ga kakarsa, ko taubashi ga taubashinsa, idan bare ya faɗe shi sai an kai ruwa rana. A Jamhuriyar Nijar wannan wasan barkwanci ya samu shiga jerin al'adun gado na UNESCO a 2014, saboda rawar da yake takawa wajen kashe wutar rikici. A Kano, tashen Nalako yana mayar da gwauraye abin dariya a cikin watan azumi, jama'a kuma ba su ɗauke shi cin zarafi ba domin lokacinsa da sigarsa sanannu ne. Zambon makaɗan fada ma, wanda Smith (1957) ya taɓo a nazarinsa na roƙo, yana da muhallinsa da waɗanda ake yi dominsu. Ke nan al'adar ta tanadi filin ba'a, ta kuma kewaye shi da shinge. Daga cikin abin da ke wajen shingen akwai gidan makoki da mai jinya da wanda masifa ta faɗa wa.

Matsalar intanet ita ce tana cire magana daga muhallinta. Rahar da aka yi tsakanin abokai biyar tana iya faɗawa hannun mutum dubu hamsin da ba su san mai maganar ba. Alƙalin da aka miƙa wa hoton rubutu tsurarsa yana ganin lafazi ne, ba ya ganin dangantaka. Gudummawar da manazarcin harshe da al'ada zai bayar a nan ita ce ya nuna cewa ma'ana ba ta kammala sai da muhalli, don haka hukuncin da aka gina a kan lafazi kaɗai ragagge ne.

Abu na uku shi ne irin horon da al'umma take yi. Mai bakin da ba shi da linzami akan kai ƙararsa wurin mahaifinsa ko mai unguwa, a tsawata masa a gaban dattawa, a sa ya je har gida ya ba da haƙuri. Idan ya ƙi ji, a daina zama da shi, a ƙi ba shi aure. Wannan horo yana aiki ne saboda kunya, kuma yana da abin da gidan yari ba shi da shi, wato yana haɗa mai laifi da wanda ya ɓata wa ido da ido. Duk da haka ba a ce ba shi da aibi ba. Fushin taro ba shi da alƙali, ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma yana iya rikiɗewa ya zama ta'asar da ta fi laifin farko muni.

Shari'ar Musulunci, wadda ta yi tasiri mai zurfi a tunanin Bahaushe, ta bambanta matakan. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙubba, amma ba ta yanka musu haddi ba. Ƙazafin zina ne aka yanka wa bulala 80 a Suratun Nur. Sauran zage-zage suna ƙarƙashin ta'aziri, wanda malaman fiƙihu suka bar wa alƙali ya zaɓa gwargwadon hali, tun daga nasiha da tsawatarwa har zuwa tsarewa. Wato ba kowane zunubi ne laifin kotu ba, kuma ba kowane laifin kotu ne na ɗauri ba.

6.0 Inda Abin ya Shafi Nijeriya

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi don kare zaman lafiya da tarbiyya da haƙƙin wasu. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zo da lafazi irin na Ingila, na saƙo mai tsananin muni da saƙon da aka aika don ɓata rai, amma da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai. Wato ninki shida na iyakar ɗaurin da ke sashe na 127. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta kuma sake yankewa a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana. A Fabrairu 2024 aka yi masa gyara, aka cire yawancin waɗannan kalmomi masu faɗi.

Abin lura shi ne su wa dokokin suka kare a fitattun shari'o'in da aka gani. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A cikin watan ne aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, aka tsare shi a Suleja har sai da aka janye ƙarar a farkon Disamba. A shari'o'in Ingila masu makoki da mai jinya aka ce ana karewa. A waɗannan biyun kuwa masu mulki ne. Dokar da ba ta da iyaka bayyananniya takan zama sanda a hannun wanda ya fi ƙarfi, alhali shi ne ya kamata ya fi kowa jure suka. Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2011 cewa ɗauri bai dace da laifin ɓata suna ba, Kotun Afirka ma ta yanke haka a shari'ar ɗan jarida Konaté da Burkina Faso a Disamba 2014.

Akwai kuma yanayin gidajen yarin kansu. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi. A irin wannan hali kamun kansa ya zama hukunci, domin mutum yana iya shafe watanni a tsare kan laifin da ko an same shi da shi tara ce za a ci shi. Ga shi kuwa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun tanadi hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar hidimar al'umma.

7.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata ana iya raba cin mutunci a bainar jama'a zuwa matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne abin ƙyamar da ba a aika wa wani takamaiman mutum ba, kamar mummunan barkwanci a shafin mai shi. Maganinsa tsawatarwar jama'a, da goge rubutun, da horon makaranta ko wurin aiki. Shari'ar Chorley da ta Grenfell a nan suka fi dacewa.

Mataki na biyu shi ne zagi ko tozarci da aka yi wa wani sau ɗaya cikin fushi ko maye. Wannan yana iya kaiwa kotu, musamman idan ya haɗa da ƙin jinin launi ko ƙabila, amma tara da diyya da neman gafara da hidimar al'umma sun wadatar ga wanda bai taɓa laifi ba. Ɗalibin Swansea a nan yake.

Mataki na uku shi ne bibiya, inda mutum ya zaɓi wani mai rauni, ya bi shi inda yake, ya maimaita da gangan. A nan ɓacin rai ya zama cuta. A fara da umarnin kotu na hana kusanta, idan ya saɓa ko abin ya yi tsanani, ɗauri ya halatta. Shari'ar Reading misali ce.

Mataki na huɗu shi ne barazanar kisa ko ta fyaɗe, da tunzura jama'a su afka wa wani ko wata al'umma. Wannan ya cancanci ɗauri, kuma dalilin shi ne haɗarin da ya jawo wa rayuka.

Abin da ya raba biyun farko da biyun ƙarshe shi ne niyya da maimaici da takamaiman wanda aka nufa da kuma haɗari. Yawan waɗanda suka fusata ba ya cikin ma'aunin, domin da shi za a bi, da sai hukuncin mutum ya dogara ga sau nawa aka yaɗa rubutunsa, abin da ba shi ne ya yi ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi yadda kotunan Ingila suka ɗaure masu izgili da masifar wasu, da yadda hukumomin ƙasar suka dawo suka taƙaita abin, da kuma yadda irin wannan lafazin doka ya yi aiki a Nijeriya. An ga cewa tunanin Bahaushe, wanda ke auna magana da dangantaka da muhalli da niyya, ya yi daidai da inda masana shari'a suka dosa bayan doguwar muhawara. Mai keta ya cancanci a ƙi aikinsa, a kunyata shi, a sa ya ba da haƙuri, wani lokaci a ci shi tara. Gidan yari kuwa a keɓe shi ga wanda harshensa ya zama barazana ko farauta. Ya rage ga manazarta Hausa su tattara irin kalaman da ake kai ƙara a kansu a kotunan Arewa, su fayyace wanne ne zambo, wanne ne habaici, wanne ne ƙazafi, domin alƙalai su sami abin dogaro. Idan ba a yi wannan rarrabewa ba, ana iya rasa ido garin gyaran gira.